Takardun Kawu da Aikin Fihirisa

Lokacin da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen shekarar 2021, irin su Gulail da Sabil da Kandara, siton kawuna yana cikin gine-ginen da aka rubuta wa kalmar "ikhla" da jan fenti a bango, wato a kwashe a tashi. Kwashe hajar bai ba mu wahala ba, domin yadi da abaya da dardumar salla da turare kaya ne da kowane lebura ya san yadda zai ɗauka, kuma cikin kwana uku muka mayar da su sabon wurin da muka kama haya. Abin da ya tsaya mana shi ne ɗan ɗakin da ke can ƙuryar siton, wanda tun ina yaro nake ganinsa a kulle, inda muka tarar da kwali sama da sittin an jibge su har kusa da rufi, kowanne cike da fatura, wato takardar lissafin kayan da aka sayar, da rasiɗi da takardun aika kaya da daftarorin bashi, tun daga farkon shekarun 1400 na Hijira da Kawu ya buɗe shago har zuwa 'yan shekarun nan. A lokacin ra'ayina shi ne a ware na baya-bayan nan a rabu da sauran. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, a cikin kwalayen nan akwai haƙƙin mutane, wasunsu suna raye, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ban yarda a zubar da ko warƙa ɗaya ba sai an san abin da ke cikinta." Daga wannan maganar aikin ya samo asali, kuma ya ci mana kusan shekara biyu, ana yi ana hutawa.

Kawu a Makka ya tashi, a cikin Hausawan da iyayensu suka zo aikin Hajji suka zauna, kuma akasarin abokan cinikinsa 'yan kasuwa ne daga Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram, waɗanda suke haɗa ibada da sari idan sun zo Umra ko Hajji. Mutum zai zaɓi kaya, ya biya rabi, a aika masa ta jirgin sama ko ta jirgin ruwa, sauran kuɗin kuma ya aiko da su ta hannun wani bayan wata biyu ko uku. Wani kuma zai bar ajiya a shago har zuwansa na gaba. Ciniki ne da aka gina a kan amana, amma Kawu bai taɓa barin bashi ba tare da an rubuta ba, yana mai riƙo da ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282. Saboda haka rubutu akwai shi, har ma ya yi yawa. Abin da babu shi ne tsari, ko kuma in ce tsarin yana nan, amma a cikin kan mutum ɗaya yake, mutumin da ya haura shekara saba'in kuma idonsa ya fara rauni.

Doka ma ba ta bar mu mu yi yadda muka ga dama ba. Dokar daftarorin kasuwanci ta ƙasar nan ta wajabta wa ɗan kasuwa ya adana daftarorinsa da wasiƙunsa na ciniki aƙalla shekara goma, sannan tun da aka fara karɓar harajin kayan masarufi a ranar 1 ga Janairun 2018 da kashi 5 cikin ɗari, aka kuma ɗaga shi zuwa kashi 15 a ranar 1 ga Yulin 2020, wajibi ne a riƙe faturorin da suka shafi harajin aƙalla shekara shida, kuma a iya fito da su idan Hukumar Zakka da Haraji da Kwastan ta nema. Daga ranar 4 ga Disamban 2021 kuma fatura ta koma ta lantarki, ba a yarda da wadda aka rubuta da hannu ba. Wannan ya sauƙaƙa mana sababbin takardu, tunda a kwamfuta ake haifar su, amma bai ce komai ba game da tsofaffin, kuma bai hana abokin ciniki daga Damagaram ya miƙo 'yar takarda da aka yage daga littafi ya ce ga shaidar kuɗin da ya aiko ba.

Farkon abin da na yi kuskure ne, kuma ina ambatonsa ne domin na ga wasu 'yan'uwanmu masu shaguna suna maimaita shi. Na sayi sikana mai jan takarda da kanta, na zauna mako uku ina zuba mata takardu kwali bayan kwali, ina jin daɗin yadda take haɗiye su, har na tara hotuna dubu da dama a kwamfuta, kowanne ɗauke da lambar da na'urar ta ga damar ba shi. Wata rana bayan sallar La'asar Kawu ya ce in fito masa da takardar aika kayan wani mutumin Maraɗi ta shekarar da aka yi ambaliya. Na fi awa ɗaya ina buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya ban same ta ba, ta zama allura cikin ruwa. Shi kuwa ya tashi ya nufi kwalayen, ya duba rubutun da ke jikin biyu ko uku, ya zaro ta kafin a kira Magariba. A ranar na gane cewa na ɗauki takardun da suke da tsari, ko da tsarin na mutum ɗaya ne, na mayar da su tarin hotuna marasa tsari ko kaɗan. Na share duk abin da na yi, muka soma daga farko.

A karo na biyu ba mu kunna sikana ba sai da muka ba kowane kwali lamba, muka rubuta ta da babban alƙalami a gefe huɗu, muka kuma yanke shawarar cewa takarda ba za ta bar kwalinta ba, domin maƙwabtakar takardu ita kanta bayani ce: rasiɗin da babu suna a jikinsa, idan aka same shi a tsakiyar takardun mutum ɗaya, ya riga ya faɗi mai shi. Bayan haka muka fara da waɗanda suka fi kusa da lalacewa. Takardar da injin kati da injin kashiya ke fitarwa, da kuma takardar fakis ta da, zafi ne yake yin rubutun da ke jikinsu ba tawada ba, kuma zafin Jidda da laimarta suna cinye rubutun a hankali har takardar ta koma fara fat. Mun tarar da saƙonnin fakis daga Kano na shekarun 1990 waɗanda sai an karkata su ga haske ake iya ganin inuwar lambobi a jikinsu, wasu kuwa sun riga sun tafi. Waɗanda suka rage muka ɗauke su da launi, muka ƙara duhun hoton a kwamfuta, Kawu kuma ya karanta abin da zai iya na rubuta a gefe.

Sai kwalayen ambaliya. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta yi daidai da 8 ga Zulhajji 1430, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwan sama ya yi ɓarna a Jidda har sama da mutum ɗari suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙan su. Ruwan ya shiga sitonmu ya jiƙa layin kwalayen da ke ƙasa, kuma tun daga lokacin ba wanda ya buɗe su. Takardun ciki sun manne da juna, tawadar wasu ta malale, ga fumfuna da ke shaƙe mutum idan bai rufe hanci ba. Irin waɗannan ba a saka su a bakin na'ura mai ja, domin za ta yayyaga su; a kan gilashi ake shimfiɗa su ɗaya-ɗaya, bayan an raba su a hankali da siririyar wuƙar roba. Kwali biyar ne kawai, amma sun ci lokacin da ya fi na kwali ashirin masu lafiya.

Game da saitin na'urar ba zan tsawaita ba, sai a wuri ɗaya. Mun tsaya a kan ɗigo 300 a kowane inci, wanda ya isa a karanta ƙananan lambobi ba tare da fayil ya yi nauyi ba. Duk takardar da ke da hatimi ko sa hannu muna ɗaukarta da launi, kwafin kabon kuma da ruwan toka, domin saitin baƙi da fari zalla yana shafe rubutu mai rauni. Muna cire dabbus, wato ɗan ƙarfen da ke haɗe takardu, kafin a saka takarda, muna ɗaukar gaba da baya ko da bayan ya yi kama da babu komai, saboda Kawu a bayan fatura yake rubuta abin da aka biya da abin da ya rage. Fayilolin muna ajiye su a tsarin PDF/A, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2005 musamman domin ajiya mai tsawo. Wurin da nake son mai karatu ya kula shi ne sifili. A lambobin da ake rubutu da su a nan, sifili ɗigo ne kawai, biyar kuma 'yar da'ira ce mai kama da sifilin boko. Ƙura ɗaya a kan gilashin sikana, idan ta faɗo kusa da 150, ta mayar da shi 1500 a kowane hoton da aka ɗauka har sai an goge gilashin. Akwai kuma wani saiti da yawancin na'urori ke zuwa da shi na share ɗige-ɗigen datti daga hoto, wanda ga takardar Larabci haɗari ne babba, domin yana iya ɗaukar sifilin da aka rubuta da siririn alƙalami a matsayin datti ya share shi, ya kuma kwashe ɗigon da ke bambanta harafi da harafi. Na kashe wannan saitin tun ranar da na ga riyal 1500 ya koma 15 a hoto, kuma na mayar da goge gilashi al'ada kafin kowane kwali.

Duk wannan aikin hannu ne, kuma duk yaron da ke da haƙuri zai iya koyonsa cikin mako guda. Inda aikin yake da gaske shi ne fihirisa, wato jadawalin da zai sa a nemi takarda a same ta. Mun buɗe shi a Excel, kowace takarda da layinta: lambarta, kwanan watan da ke jikinta kamar yadda aka rubuta shi, kwanan watan Miladiyya da ya yi daidai da shi, lambar abokin ciniki, irin takardar, adadin kuɗi da irin kuɗin, lambar kwalin da asalinta yake, da gurbin ƙarin bayani. Sunan fayil kuma ya ƙunshi shekara da wata da rana a jere, sai lambar mutum, sai irin takarda, kamar 2010-04-07_0147_fatura, domin idan shekara ce a gaba kwamfuta da kanta za ta jera su bisa tarihi. A takarda wannan tsari mai sauƙi ne. Da muka zo cike gurabun ne muka ga da sauran rina a kaba, kuma gurbi biyu ne suka fi ci mana tuwo a ƙwarya, na kwanan wata da na suna.

Tsofaffin takardunmu da kwanan watan Hijira aka rubuta su, na banki da na kamfanonin jiragen ruwa da na abokan ciniki daga Najeriya da Nijar kuma da Miladiyya, kuma sai a ƙarshen Oktoban 2023 ne majalisar ministoci ta amince a riƙa lissafin wa'adi da Miladiyya a harkokin hukuma. Da a ce kowa yana rubuta shekara cikakkiya da babu damuwa, amma mutane lamba biyu suke rubutawa. Takardar da aka rubuta wa 7/4/10 tana iya zama ta 7 ga Rabi'us Sani 1410, wato farkon Nuwamban 1989, tana kuma iya zama ta 7 ga Afrilun 2010, tsakaninsu shekara ashirin. A irin wannan hali sai mu nemi shaida daga jikin takardar. Idan akwai lambar wayar hannu a kan fatura, to ba ta wuce tsakiyar shekarun 1990 baya ba. Idan lambar Jidda ta fara da 012 maimakon 02, to daga 2013 ne zuwa gaba. Idan akwai lambar telex, na'urar aika saƙon rubutu ta da, ba fakis, to tsohuwa ce ƙwarai. Shaidar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce canjin kuɗi. Riyal yana tsaye a kan 3.75 ga dala tun 1986, naira kuwa tun Satumbar 1986 ɗin ta fara sauka, sefa kuma an rage darajarta da rabi a Janairun 1994, saboda haka idan Kawu ya ga abin da ya rubuta a bayan takarda na yawan naira ko sefar da aka lissafa a kan riyal ɗari, nan take yake faɗin zamanin. Wajen mayar da Hijira zuwa Miladiyya muna bin kalandar Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira ta hukuma a Saudiyya, amma ba mu taɓa goge kwanan watan asali daga jadawali ba, domin wanda ya rubuta takardar yana iya bin ganin wata, a samu bambancin kwana ɗaya, kuma idan gardama ta taso abin da ke jikin takarda shi ne hujja.

Suna ya fi kwanan wata wahala nesa ba kusa ba. Bahaushe ɗaya yana iya bayyana a takardunmu da suna huɗu ko biyar. Wanda fasfonsa na Najeriya ya ce Abubakar, a daftarin Kawu Garba ne ko Habu, a takardar banki kuma an rubuta shi da Larabci Abu Bakr. Idan ɗan Nijar ne fasfonsa zai ce Aboubacar. Haka Usman da Ousmane da Shehu, haka Muhammadu da Mamman da Mahamadou, ga kuma Sani da Salisu da Rabi'u waɗanda a wasu takardun an haɗa su da Muhammad, a wasu kuma an bar su su kaɗai. Kawu kuwa mafi yawan mutanensa da laƙabi ya san su, mai kaza na gari kaza, kuma da laƙabin yake rubuta su. Ko a cikin Larabcin ma akwai tarko, domin kwamfuta tana ɗaukar alif mai hamza da alif marar hamza a matsayin haruffa biyu daban, haka ta'un marbuɗa da ha'u, saboda haka wanda ya nemi suna da siga ɗaya ba zai ga takardun da aka shigar da ɗaya sigar ba. Maganin da muka samu shi ne mu daina dogara da suna gaba ɗaya. Kowane mutum muka ba shi lamba, muka buɗe jadawali na biyu inda a gaban kowace lamba aka jera duk sunayen da aka taɓa kiransa da su, da garinsa, da wanda ya gabatar da shi, da waɗanda suka taɓa kawo kuɗi a madadinsa.

Wannan jadawali na biyu babu na'urar da za ta iya cike shi. Na gwada manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, kuma ta yi amfani a kan faturorin da aka buga da inji da takardun banki, ta yadda yanzu ana iya neman lambar kwantena ko sunan kamfanin jirgi a same shi nan take. A kan rubutun hannu na ruƙ'a, salon da Larabawa ke rubutun yau da kullum da shi, kuwa ba ta tsinana abin kirki ba, a kan rubutun Kawu kuma ta ɓata gaba ɗaya, domin shi da ajami yake rubuta bayanansa, Hausa ce da haruffan Larabci, manhajar kuma tana ƙoƙarin mayar da kowace kalma Larabci. Ni kaina sai da na koma ɗalibi. A makarantar gwamnati na yi karatu, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma biyu. Kawu kuwa a hannun wani malami Bahaushe ya yi karatun allo a Makka, da rubutun Warshu, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Na shigar da takardu kusan ashirin da sunan da babu shi a duniya kafin in gane cewa Ƙasimu nake karantawa da fa'un.

Saboda haka muka tsayar da zama bayan sallar Isha'i, sau uku a mako. Ina buɗe hoton a babban allo domin idonsa, in ce, "Kawu, wannan fa, na wane ne?" Shi kuma ya duba ya ce wane ne ɗan wane, ƙanen wanda ya zo shekarar kaza da matarsa, shi ne ya karɓi shagon bayan rasuwar yayansa, saboda haka bashin da ke kan lamba kaza ya koma kansa. Wani lokaci takarda ɗaya takan ɗauke mu rabin sa'a saboda labarin da ke bayanta, kuma da farko nakan ƙosa, ina ganin muna ɓata lokaci. Daga baya na fahimci cewa labarin shi ne ainihin abin da ake shigarwa, domin a cikinsa ne ake jin cewa mutum biyu da nake ɗauka daban mutum ɗaya ne, ko kuma suna ɗaya da na haɗa na uba da ɗa ne. Na fara ɗaukar muryarsa a waya da izininsa, kuma na ƙara gurbi a jadawali da ke nuna wanda ya tabbatar da kowane bayani, ko daga jikin takarda aka samo shi ko daga bakin Kawu. Ra'ayina, bayan abin da na gani, shi ne duk mai shagon da ke da dattijo irin wannan ya fara da jadawalin sunaye tun kafin ya sayi sikana, domin takarda tana iya jira shekara biyar a kwali idan babu ruwa babu gara, shi kuwa wanda ya san ma'anarta ba a hannunmu wa'adinsa yake ba.

A cikin wata na bakwai da farawa ne aikin ya nuna abin da Kawu yake nufi da haƙƙin mutane. Akwai wani ɗan kasuwa daga Maraɗi da Kawu ya daɗe yana hulɗa da shi, wanda a daftari aka rubuta shi da laƙabinsa. Da labarin rasuwarsa ya zo shekaru da suka wuce, Kawu ya buɗe shafinsa ya ga babu bashi ta kowane ɓangare, ya aika ta'aziyya ya rufe shafin. Da muka haɗa sunayensa a ƙarƙashin lamba ɗaya, sai ga wani rasiɗi ya fito daga wani kwali daban, wanda akawun shago na wancan lokacin ya rubuta da sunan fasfo, da rubutun Faransanci, a ranar da Kawu ba ya gari: ajiyar riyal 4,200 domin kayan da mutumin ya ce zai zaɓa a zuwansa na gaba, zuwan da Allah bai nufa ba. Mun bi duk takardun aika kaya na bayan wannan ranar ba mu ga inda aka fitar masa da komai ba. Kawu ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya ce, "Ɗan nan, shekara nawa ina cin abinci da kuɗin marayu a cikin jarina ban sani ba." A Umrar Ramadan ta shekarar muka samu wani amintacce daga garin, aka damƙa masa kuɗin tare da hoton rasiɗin, magadan kuma suka aiko da takardar shaidar karɓa, wadda ita ma ta shiga fihirisa a ƙarƙashin lambar mahaifinsu. Ta ɗaya ɓangaren mun tarar da basussukan da mutane suka rasu Kawu yana bin su, kuma a mafi yawansu ya ce in rubuta "an yafe" tare da kwanan watan da ya faɗa, domin kada wani daga cikinmu ya tayar da maganar a bayansa.

Ajiyar fayilolin kanta mun yi mata kwafi uku: ɗaya a kwamfutar shago, ɗaya a faifan ajiya da ke gidan ɗan Kawu a Makka wanda ake sabuntawa duk wata, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet. Duk bayan wata uku nakan zaɓi takardu goma daga jadawali ba tare da tsari ba, in neme su a kwafin Makka, in kuma nemi asalinsu a kwali, domin in tabbatar cewa hanyoyin uku suna kaiwa wuri ɗaya. Kalmar sirri mutum biyu ne suka san ta, an kuma rubuta ta an rufe a ambulan an ajiye tare da wasiyyar Kawu. Akwai abin da ban yi tunaninsa ba da farko, wato kwafin fasfo da iƙama (takardar izinin zama) na ɗaruruwan mutane da aka tara saboda aika kaya. A kwali ba wanda zai sace su sai ya fasa sito, amma a kwamfuta ana iya tura su duka cikin minti ɗaya, kuma dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a ƙasar nan tun Satumbar 2023. Saboda haka waɗanda babu sauran buƙatarsu ba mu ɗauki hotonsu ba, injin yanka takarda muka ba su, waɗanda ake buƙata kuma suna cikin jakar da ke kulle daban, wadda yaran shago ba sa iya buɗewa.

Ba mu rabu da asalin takardu duka ba. Dokar shaida da ta fara aiki a 2022 ta amince da hujjar lantarki, amma hoton takardar da aka sa wa hannu kwafi ne, kuma idan mutum ya musanta sa hannunsa asalin za a nema a bincika. Don haka duk takardar bashi, da yarjejeniya, da rasiɗin ajiya, da daftarorin Kawu, da duk abin da wa'adinsa na doka bai cika ba, suna nan a sababbin kwalaye a kan kanta, taƙi biyu sama da ƙasa saboda darasin 2009. Sauran da aka tabbatar an ɗauke su kuma wa'adinsu ya wuce, Kawu bai yarda a kai su juji ba, domin mafi yawansu da Bismilla suka fara. Masu ɗauke da bayanan mutane mun yanka su, sauran kuma mun kai su akwatunan da ake ajiyewa kusa da masallatai domin takardu masu sunan Allah. Kwali sama da sittin sun koma goma sha huɗu.

Har yanzu akwai jaka ɗaya a kwamfutar da na sa wa suna "ba a gano ba tukuna", kuma takardu goma sha ɗaya ne a cikinta. Bakwai daga kwalayen ambaliya suke, inda ruwa ya cinye sunan ya bar adadin kuɗi, huɗu kuma rasiɗan ajiya ne da rubutun tsohon akawun nan, da sunayen da Kawu ya juya ya juya bai tuna masu su ba. Akawun yana raye, ya koma Madina wurin 'ya'yansa tun da ya bar aiki, kuma na yi magana da babban ɗansa ya ce idonsa yana gani idan an ƙara girman rubutu. Kawu ya ce shi ma zai je, saboda haka na kama mana kujera biyu a jirgin ƙasa na Haramaini ranar Asabar mai zuwa, na kuma buga rasiɗan huɗu a babbar takarda, kowanne tare da hoton takardun da aka same shi a tsakiyarsu.